Labarin Su a Tabkin Eri da Kifayensa Uku

A jikin taswirar duniya da ke rataye a ɗakin karatunmu, in mutum ya dubi iyakar ƙasar Amurka da ta Kanada, zai ga waɗansu shuɗɗan tabo guda biyar manne da juna. Yawancinmu mun haddace sunayensu domin jarrabawa, watau Sufiriya, da Mishigan, da Huron, da Eri, da Ontariyo. Mun kuma haddace cewa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance bisa doron ƙasa yana cikinsu. Daga nan sai mu rufe littafi, ran da muka tsaya gaban aji kuma mu biya wa yara abin da aka biya mana, ba ƙari. To, cikin wannan 'yar takarda muna so mu ɗauki ɗaya daga cikinsu, watau Eri, mu leƙa ƙarƙashinsa, mu ga kifaye uku waɗanda mutanen can su ke nema da fatsa, da yadda a ke kamunsu, da yadda saura kaɗan a rasa su. Ba su da suna da Hausa, gama ba mu da su a ruwayenmu, saboda haka za mu kira su yadda masu su ke kiransu: wolai, da bas, da faik.

Eri tsawonsa mil 241 ne, faɗinsa kuwa, inda ya fi faɗi, mil 57. Wanda ya tsaya nan a gaɓar kudu ba ya hangen ta arewa, sai ruwa har iyakar gani, ga raƙuman ruwa sai ka ce teku, amma in ya ɗiba ya kurɓa ba gishiri. Girmansa ya yi kusan daidai da na Tabkin Cadi yadda ya ke a 1963, kafin ya janye. Jihohi huɗu na Amurka suna bakinsa, su ne Mishigan, da Ohayo, da Fensilbaniya, da Niyok, arewa da shi kuwa lardin Ontariyo na Kanada. Ruwa yana shigo masa ta Kogin Detroit daga yamma, ya fita ta Kogin Nayagara a gabas, inda ya ke zubowa daga bisa dutse, mafaɗar ruwan nan da ta yi suna a duniya.

Cikin 'yan'uwan nan biyar shi ne mafi ƙarancin zurfi. Sufiriya akwai inda ya wuce ƙafa 1,300, shi kuwa Eri iyakarsa ƙafa 210, can wajen gabas. Tsakiyarsa misalin ƙafa 60 ce, yammacinsa kuwa bai fi misalin ƙafa 24 ba, ga tsibirai da tuddan duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Wannan rashin zurfi shi ne arzikinsa. Ruwa marar zurfi ya kan yi ɗumi da wuri, rana tana ratsa shi, ƙananan tsire-tsire da ƙwari su yawaita, ƙananan kifaye su ci su ƙoshi, manya kuma su ci ƙanana. Masanan can su kan ce Eri ba shi da fiye da kashi 2 cikin 100 na ruwan tabkunan biyar, amma wajen rabin kifinsu cikinsa ya ke.

Kafin mu taɓa kifi sai mun fahimci wani hali na ruwa, gama dabarar masuntan can duk a kansa ta ke tsaye. An koya mana cewa abu in ya yi sanyi ya kan tsuke ya ƙara nauyi. Ruwa ma haka ya ke, amma sai zuwa digiri 4 a ma'aunin Santigired. In sanyi ya wuce nan sai ya soma sakewa, yana rage nauyi, har ya daskare. Shi ya sa ƙanƙara ta ke tasowa sama ta zama marfi, ruwan ƙasa kuwa ya zauna ruwa, kifi na yawonsa ciki. Da ba don wannan ikon Allah ba, da tabkunan ƙasashen sanyi sun daskare tun daga gindi. Da lokacin zafi kuma abin sai ya juya: ruwan sama ya yi ɗumi ya zauna bisa na ƙasa mai sanyi, kamar yadda mai ke zama bisa miya, ba su garwaya. Duk wanda ya taɓa wanka a kududdufi mai zurfi da azahar, ya ji ƙirjinsa cikin ɗumi ƙafafunsa cikin sanyi, ya san abin da mu ke nufi. Yammacin Eri iska ta kan dama shi kullum saboda rashin zurfinsa, amma tsakiya da gabas su kan rabu hawa biyu watanni, sai sanyi ya gabato sa'an nan su gauraya. Kifi kuwa ba shi da ɗumin jiki na kansa, zafin ruwan da ya ke ciki shi ne zafin jikinsa. Don haka kowane iri da irin ruwan da ya ke so, yana bin sa sama da ƙasa, gabas da yamma, masunci kuma yana bin kifin.

Wolai shi ne sarkin Eri. Dogo ne, ruwan zinariya, bayansa da ɗan duhu, cikinsa fari, da ɗan farin tabo a ƙasan wutsiya. Wanda a kan kama yau da kullum laba 2 zuwa 5 ne, amma tsofaffin mata su kan wuce 10. Wanda aka rubuta ya fi kowane nauyi laba 25 ne, an kama shi a 1960 a wani tabki na jihar Tennessee, can kudu. Sunansa daga idonsa ya samo shi. Idon babba ne, fari-fari sai ka ce mai hakiya, alhali kuwa da wuya a sami kifin da ya fi shi gani cikin duhu. A bayan ƙwayar idon akwai wani shimfiɗi kamar madubi, wanda ke mayar da ɗan hasken da ya shiga ya sake ratsa idon, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Ƙananan kifayen da ya ke ci kuwa, da rana ta yi ja sai ganinsu ya ragu. To, a sa'ar nan ya ke fitowa farauta, da almuru, da dare, da asuba, ko ran da gari ya yi lumshi, ko iska ta kaɗa ruwa ya gurɓace. Da rana tsaka kuwa, in ruwa ya kwanta garau, hasken ya kan dame shi, sai ya nutsa ƙasa. Shi ya sa masuntan Eri su ke murna da ranar da mu za mu ce ba ta fita ba ce.

Mutanen ƙasar na asali sun san wannan tun kafin zuwan Turawa. Ojibwe, waɗanda ke zaune arewa maso yamma da Eri, su kan fita da dare cikin jirgin ɓawon itace da jiniyar wuta a goshin jirgi, in idon wolai ya ƙyalla sai su soke shi da mashi. Har yau akwai wani tabki a jihar Wisconsin wanda Faransawa suka laƙaba wa sunan jiniya saboda wannan irin su.

Da ƙanƙara ta narke, wajen ƙarshen Maris da Afrilu, ruwa ya kai digiri 6 zuwa 10, sai wolai su taru bisa tuddan duwatsun nan na yamma, waɗansu kuma su hau koguna, musamman Kogin Maumi wanda ke shiga tabkin a birnin Toledo. Mace ta kan watsa ƙwanta da dare bisa tsakuwa, babba ta kan zuba dubu ɗari da ɗoriya, har ninkin haka, maza su bi su barbare shi, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Ba mai tsaro. In hadari ya taso ya kwashe ƙwan, ko laka ta rufe shi, ko sanyi ya komo ya jinkirta ƙyanƙyasa, shekarar ta tafi a banza. In kuwa aka dace, kamar a 2003, da 2015, da 2018, da 2019, 'ya'yan shekara guda su kan riƙe masunta shekara goma ko fi. A lokacin hawan nan, wanda ya je bakin Maumi zai tarar da mutane jere cikin ruwa, kusan kafaɗa da kafaɗa, kowa da wandon roba har ƙirji, suna jifa suna janyewa cikin sanyin da mu ko hannu ba za mu iya tsomawa ba.

Fatsarsu uwa ɗaya uba ɗaya da tamu, sai dai an yi mata gyare-gyare. Sandar siririya ce mai lanƙwasa, zaren na roba ne wanda kifi ba ya gani sosai, a gindin sandar kuma akwai wani ɗan keke mai naɗe zare, wanda ke sa a iya jifa nesa a kuma janyo. Ga wolai na farkon shekara su kan ɗaura ƙugiya mai kan darma, a yi mata jela da gashi ko roba, wani lokaci a soka mata ɗan kifi mai rai, ko tana, ko matsattsaku. A sake ta har ta taɓa ƙasa, a ɗan ɗaga, a sake, a ɗan ɗaga, kamar wani abu mai rauni yana tsalle. Wolai ba ya fizga. Cinsa ɗan nauyi ne kurum a zare, kamar ƙugiya ta maƙale a ganye, wanda hannunsa bai saba ba sai a cinye masa tana bai sani ba.

Da zafi ya shigo, yammacin tabkin ya yi ɗumi, manyan wolai su kan yi ƙaura gabas neman ruwan sanyi. An tabbatar da haka, gama ma'aikata sun sa wa waɗansu alama a yamma aka kama su can wajen Fensilbaniya da Niyok. A lokacin nan su na jirgi ne: a saki zare da yawa a baya, jirgi yana tafiya sannu kamar tafiyar mutum, kowane zare da kifin ƙarya a bakinsa, kowane kuma da zurfin da aka nufa da shi. Kifin ƙaryan nan akwai na ƙarfe mai siffar cokali, akwai na itace da na roba. Wanda ya fi suna wani masunci ne na ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya fara sassaƙa shi a 1936, bayan ya lura manyan kifaye sun fi auka wa ɗan kifin da ke tafiya a karkace. Tun wajen ƙarshen shekarun 1950 kuma aka soma sayar musu da wata na'ura mai aika amo ƙasa ta saurari dawowarsa, ta nuna zurfin wurin da inda kifi ya ke. A ganinmu wannan ta rage wa sana'ar kwarjini, ko da ya ke masu ita sun ce nuna kifi ta ke yi, ba ta buɗe masa baki. Duk wahalar nan kuwa domin nama ce, gama naman wolai fari ne, ba ƙarni, ba yawan ƙaya, ba kifin da su ke so a soye kamarsa.

Bas iri biyu ne. Akwai mai babban baki, wanda ke son ruwa mai ɗumi, cikin bado da ciyayi da gindin kututture, akwai kuma mai ƙaramin baki, ja-ja kamar tagulla, mai son ruwa garau da duwatsu. Na biyun shi ya fi suna a Eri, har waɗansu tsibiran yamma sunansa su ke amsawa. Gajere ne kakkaura, yawanci laba 2 zuwa 4, ko da ya ke a 2022 an kama wanda ya wuce laba 10 a ɓangaren Kanada. Abincinsa ƙananan kifaye da wani irin jatan lande da ke ɓuya ƙarƙashin duwatsu. In ya ji ƙugiya sai ya yi sama ya fito fili yana girgiza kai, ya koma ya nutsa, ya sake fitowa, sau da yawa har ya tofar da ita. Saboda wannan faɗa nasa a ke nemansa, namansa bai dame su ba.

Halinsa wajen haihuwa ya saɓa da na wolai ƙwarai. Wajen Mayu da Yuni, ruwa ya kai misalin digiri 15, namiji ya kan share wuri da wutsiya cikin tsakuwa, ya yi ɗan gurbi kamar faranti, irin yadda mu kan ga karfasa ta yi a bakin rairayi. Mace ta zo ta zuba ƙwai ta tafi. Shi kuwa ya tsaya bisa gurbin dare da rana, yana fifita ƙwan, yana korar duk abin da ya matso, har su ƙyanƙyashe su yi wayo, kusan ba ya cin kome. To, a nan rauninsa ya ke. Duk abin da aka jefa cikin gurbin sai ya cafke shi don ya fitar, saboda haka ba lokacin da ya fi sauƙin kamu kamar wannan, ba kuma lokacin da kamunsa ya fi ɓarna.

Wani abu da zai ba masuncinmu dariya shi ne, yawancin masu neman bas in sun kama sai su auna shi su mayar ruwa. Mutum ya sayi jirgi da mai, ya yini cikin rana, ya koma gida hannu rabbana, yana kuwa farin ciki! Amma akwai dalili. Tun wajen 1967 aka soma gasar kamun bas ta kuɗi mai yawa a Amurka, jama'a suka ga tulin matattun kifaye a wurin awo suka soma gunaguni, sai a 1972 shugaban ƙungiyar masu gasar, Ray Scott, ya kawo tsarin a riƙe kifi da rai cikin akwatin ruwa a jirgi, a auna a sake shi. Daga nan abin ya zama al'ada. Inda kuɗi ya shiga kuwa ba a rasa maguɗi. A 2022, wurin wata gasar wolai a birnin Cleveland, alƙalin awo ya ga nauyin kifin waɗansu mutum biyu ya fi girmansu, ya tsaga ciki, sai ga dunƙulen darma. Aka ƙwace jirginsu, aka ɗaure su kwana goma.

Faik shi ne ɗan fashin cikinsu. Dogo ne siriri kamar taɓarya, kore mai ɗigon fari, bakinsa kamar na agwagwa, cike da haƙora masu kallon ciki. Wanda ya san tsage ya san irin haƙoran da mu ke faɗi, sai dai na faik sun fi yawa nesa. Ba ya yawon farauta. Ya kan tsaya cik cikin ciyayi kamar sanda, har abin ci ya zo wucewa, sa'an nan ya harba kamar kibiya ya kama shi ta tsakiya, ya juya shi ya haɗiye ta kai. Kifi, da kwaɗo, da 'yan agwagwa, har ƙannensa, ba ya zaɓe. Mai nemansa ya kan jefa cokalin ƙarfe a gefen ciyayi, amma dole ya sa guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya, in ba haka ba haƙoran su datse. Ba a kuwa sa masa yatsa a baki, sai da awartaki a ke cire ƙugiya. Akwai shi a Turai da arewacin Asiya ma, wanda ya fi kowane nauyi a rubuce laba 55 ne, a Jamus, 1986.

A Eri faik ya yi ƙaranci, dalilin kuwa ba fatsa ba ce. Shi ba ya haihuwa sai cikin fadama, inda ruwan narkewar ƙanƙara ya malale bisa ciyawa, nan ƙwansa ke manne wa ganye. A da kudu maso yammacin tabkin wata ƙatuwar fadama ce mai duhun itatuwa, tsawonta wajen mil 100. Daga tsakiyar ƙarni na 19 Turawan da suka zauna wurin suka haƙa magudanai suka tsane ta, ta zama gonakin masara masu albarka, abin da ya rage a bakin tabki kuma aka kewaye yawancinsa da ganuwar ƙasa. Faik ya zo a Maris ya tarar ƙofa a rufe. Yanzu sai a lungunan da ciyayi suka saura a ke samunsa, mai son shi da yawa kuwa sai ya nufi tabkunan arewa.

Ko da tabki ya daskare ba a fasa su. A shekarar da sanyi ya yi tsanani, wajen Janairu da Fabrairu, mutane su kan taka bisa ruwan da suka bi da jirgi watannin baya, su huda ƙanƙara da wani ƙarfe mai murɗa, rami kamar bakin tulu, su kafa 'yar bukka su zauna suna zura zare. Ƙa'idar da a ke koya musu ita ce kada mai tafiya a ƙasa ya hau sai kaurinta ya kai inci 4. Amma Eri mayaudari ne, gama iska ta kan tsaga ƙanƙararsa ta tura ta tsakiya. A Fabrairu 2009 wani babban ɓangare ya ɓalle a gefen Ohayo da masunta a kai, sai da jiragen ruwa da masu saukar ungulu aka kwaso mutum 134, ɗaya kuwa ya rasu.

Yanzu sai mu zo ga yadda aka kusa rasa abin duka. Ban da masu fatsa akwai masu su na ciniki, masu manyan jirage da raga mai kama kifi ta wuya. Wajen 1950 suka sami raga ta zaren roba, wadda ba ta ruɓa, ta kuma fi ta auduga kamu nesa. Kamun wolai ya yi ta hawa har ya wuce laba miliyan 15 a 1956, cikin 'yan shekaru kuwa ya zube ƙasa warwas. Akwai wani ɗan'uwansa shuɗi, mai zama a zurfin gabas, wanda a da shi ne rabin cinikin waɗansu garuruwa. Kafin 1960 kamunsa ya rushe, a 1983 aka shelanta ya ƙare daga duniya. Binciken baya ya nuna wolai ne mai wani launi dabam, amma ko mene ne shi, wanda ya cika jirage a zamanin kakanninsu yau babu shi a Eri.

Raga kaɗai ba ta yi wannan ba, ruwan kansa ya kamu da ciwo. Ƙazantar birane, da garin sabulu, da takin gonaki, duk suna ɗauke da wani sinadari mai suna fosforas, wanda ya ke abinci ne ga gansakuka. Tabki marar zurfi mai ɗumi kuwa ba abin da ya ke jira sai wannan. Gansakuka ta yi yawa, ta mutu, ta nutsa, ta ruɓe, ruɓar kuma ta shanye iskar numfashi da ke cikin ruwan ƙasa. Mu tuna ruwan ƙasa ba ya garwaya da na sama da zafi, saboda haka ba inda sabuwar iska za ta shigo masa. A 1953 aka yi kwanaki ana zafi ba iska, har yammacin tabkin ma ya rabu hawa biyu, tsutsar wani ƙwaro mai kama da shinge, wadda ke zaune cikin laka kifaye suna ci, ta mutu kusan ƙaf. A shekarun 1960 jaridu suka riƙa cewa Eri ya mutu. A 1969 Kogin Kuyahoga, wanda ke shiga tabkin a Cleveland, ya kama wuta saboda man da ke kwance a kansa.

Abin mamaki, guba ce ta fara ceton wolai. A 1970 aka gano zaiba cikin namansa, wadda masana'antu ke zubarwa a kogunan da ke sama da tabkin. Nan da nan hukumomi suka hana kamunsa domin sayarwa. Don tsoron lafiyar mutane aka yi, ba don tausayin kifi ba, amma ragowar wolai suka sami shekaru suna haihuwa ba raga a kansu. A 1972 Shugaba Nixon na Amurka da Firayim Minista Trudeau na Kanada suka sa hannu a yarjejeniyar tsabtace tabkunan, aka gina wuraren tace ƙazantar birane, aka rage fosforas cikin garin sabulu. A 1976 aka soma raba kamun wolai da ƙidaya. Kafin tsakiyar shekarun 1980 ya dawo da yawan da tsofaffi ba su zaci za su sake gani ba.

Yadda a ke rabon nan ya isa a duba. Kowane Agusta ma'aikata su kan ja ƙaramin taru a wurare sanannu na yammacin tabkin, su ƙirga 'ya'yan wolai na bana, masu tsawon yatsa. Su kan kuma duba wani ɗan ƙashi da ke cikin kan manya, mai zobe-zobe kamar na kututturen itace, kowane zobe shekara guda, su san shekarun kifin da a ke kamawa. A Maris wakilan jihohin nan huɗu da na Ontariyo su zauna su yanke yawan da za a ɗiba, a 2022 wajen miliyan 14 da rabi suka yanke. Ontariyo ta kan ba masu raga yawancin rabonta, Ohayo kuwa masu fatsa kaɗai ta bar wa nata. Baligi ba ya jefa ƙugiya sai da lasin, kuma a Ohayo a 2023 iyakar mutum wolai 6 a yini, wanda bai kai inci 15 ba a mayar. Tun 1950 akwai haraji a kan kayan fatsa a Amurka, kuɗin kuwa wajen kiwon kifi da binciken ruwa a ke mayar da shi. Hana su na wani lokaci ba baƙon abu ba ne gare mu, gama mun san yadda a ke tsare ruwan Matan Fada a Argungu har ranar da aka buɗe shi. Abin da suka fi mu shi ne ƙidayar nan ta kowace shekara.

Duk da haka ba a ce an gama ba. Manyan jiragen teku su kan ɗebi ruwa a cikinsu don su daidaita, su zubar in sun iso. Ta haka a 1988 aka ga wani ɗan makankari daga gabashin Turai, mai kamar farce, wanda ya yaɗu ya lulluɓe duwatsu ya toshe bututan ruwa. A 1990 kuma sai ga wani ɗan kifi mai suna gobi, shi ma daga can. Gobi ya kan yi dako a gefen gurbin bas, da an janye uban da fatsa, ko da za a mayar da shi nan take, sai su auka su wawashe ƙwan. Wannan ya sa a 2004 Ohayo ta hana riƙe bas a watannin gurbi, ko da ya ke daga baya an sassauta. Amma bas ma ya koyi cin gobi, har ya fi da saurin girma.

Gansakuka kuma ta komo tun wajen ƙarshen shekarun 1990, wannan karon mai dafi ce, yawancin abincinta kuwa daga gonaki ya ke zuwa, gonakin nan da aka yi a gurbin fadamar faik. Kogin Maumi da wolai ke hawa don haihuwa, shi ne ke sauko da takin. A Agusta 2014 dafin ya shiga ruwan famfon Toledo, aka hana mutum fiye da 400,000 sha har kwana uku, ga tabki kwance a ƙofar gidansu. A 2016 ƙasashen biyu suka yi alkawarin rage fosforas ɗin da ke shiga yammaci da tsakiyar tabkin da kashi 40 cikin 100. Har yanzu dai kowace shekara da ƙarshen zafi koren ya kan bayyana a yamma, wata shekara kaɗan wata da yawa, gwargwadon ruwan saman da ya sauka bisa gonakin Maumi tsakanin Maris da Yuli.